Ana Kallon Gaɓa, Tsoka Na Tafiya

A sashen gashin ƙashi na asibitin da nake koyon aiki a Legas, ni ake kira in an kawo wadda ba ta jin Turanci ko Yarbanci, galibi daga Idi-Araba ko Agege. A bakin tafinta na fahimci nau'in amosanin gaɓɓai da likitoci ke kira rheumatoid arthritis, wanda mutanenmu ke jefawa buhu ɗaya da sauran ciwuka su ce sanyin ƙashi. Yawancinsu mata ne, kuma ba a nan kaɗai ba: cikin mutum miliyan 18 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

Kowa idonsa na kan yatsun da suka kumbura. Ni bayan hannu nake fara juyawa, in ga yadda tsakanin ƙasusuwa ya lotsa, sannan in taɓa cinya, saman gwiwa. Garkuwar jiki ce ke afka wa shimfiɗar cikin gaɓa, tana sakin sinadaran kumburi irin su TNF da IL-6. Ba a gaɓar suke tsayawa ba, jini suke bi suna cinye tsoka. Kitse kuwa yana nan, wani lokacin ma ƙaruwa yake, sai sikeli ya rufa wa ciwon asiri, dangi su ce ai Hajiya ba ta rame ba.

Shi ya sa "ina ke ciwo?" ba ta wadatar da ni. "Hajiya, kina iya ɗaga buta cike? Yaushe kika koma sallah a zaune?" Nan ake jin gaskiya.

Sai prednisolone da ake saye a kemis ba takardar likita. Yana kwantar da kumburi, ba musu, amma in aka daɗe a kansa yana raunana tsokar cinya da kafaɗa. Methotrexate kuwa, wanda ke taka wa ciwon birki, sau ɗaya ake shan sa a mako, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, sai a yi zaton na banza ne.

Wanda ya fi wuyar shawowa ɗan marar lafiyar ne mai tausayi, wanda ya hana ta ko ɗauraye kofi. Shi nake zaunarwa in ce: ranar da gaɓa ta yi zafi, Mama ta huta, ranar da ta lafa, ta tashi daga kujera ta zauna sau goma, ta matsa soso cikin ruwan ɗumi, kai kuma ka ƙirga mata.