Ruwan Tumatir Biyu a Bakin Kogi Ɗaya

Ɗan gidan abincina yana Windsor, a Kanada. Daga ƙofa kana hango benayen Detroit a tsallaken kogi, don haka ranar Lahadi kusan rabin masu karin kumallo Amurkawa ne da suka ƙetaro ta gadar Ambassador.

Ba na sayar da barasa, amma nan ƙasar ba a raba hantsi da ruwan tumatir mai yaji. Da barasar vodka aka saba haɗa shi, dole na koyi haɗa shi ba tare da ita ba, kuma a nan na sha mamaki.

Ɗan Kanada haɗin da ake kira Caesar yake nema. A Calgary aka ƙirƙiro shi a 1969, wani Walter Chell ya haɗa shi don bikin buɗe gidan abincin Italiya. Sirrinsa Clamato, ruwan tumatir da aka gauraya da romon kilam, wata halittar teku mai ɓawo biyu. Tsararo ne, mai gishiri-gishiri. A ɗiga Tabasco (ruwan barkono) da Worcestershire (ruwan ɗanɗano mai tsami-tsami), a shafe bakin kofi da gishirin seleri (wani ganye mai ƙamshi), a tsoma karan seleri, a maƙala lemon tsami.

Ba'amurke kuwa Bloody Mary ya sani: tumatir zalla, mai kauri kamar kunu, da hosradish, wata saiwa mai yaji mai hawa hanci. Ran farko na miƙa wa wata dattijuwa daga Detroit irin na Kanada. Ta kurɓa, ta tambayi me ke ciki, na faɗa mata. Ta ture kofin kamar na ce mata ruwan wankin kifi ne. Abin dariya, kamfanin Amurka ne ya fara yin Clamato.

Ni ma na yi jinkiri da farko, sai da na tuna a mazhabarmu ta Malikiyya abin teku halal ne. Damuwata ta gaske masu borin jini ne, domin wasu jikinsu ba ya karɓar naman ɓawo. Shi ya sa yaran shagona ba sa zubawa sai sun tambaya.

Yanzu kwali biyu nake ajiyewa a firji, Clamato ne ke fara ƙarewa. Na gwada shafa yajin tsire a bakin kofi maimakon gishirin seleri. 'Yan Kanada suka kama shi hannu bibbiyu. Sai dai ƙuliƙulin da ke ciki gyaɗa ce, ga wata tambayar kuma ta ƙaru kafin a zuba.