Ɗakin da sunanka yake a takarda

Sabon ɗalibin da ya tsallaka gadar Kennedy ya shiga Harobanda a Yamai, ya ga sunansa cikin waɗanda suka samu gado a site, wato ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Abdou Moumouni, gani yake wahala ta ƙare. A ranar ce kuwa ake tafka kuskuren da ya fi tsada, cikin minti goma: a karɓi makulli, a sa hannu a takarda, ba a duba ɗakin ba.

Da rana tsaka ake dubawa, kafin a kwance kaya. Kowace priz a soka mata caja a gani. A kunna fanka a bar ta ta ɗan jima, don wadda ta kusa mutuwa sai ta yi zafi take fara kuka. A ɗaga katifa a bi ɗinkin gefenta da fitilar waya: ɗigo-ɗigon baƙi kamar na biro kashin kuɗin cizo ne. Kuba, gilashin taga, ƙofar kabad, duk a ɗauki hotonsu, a sa a rubuta ɓarnar kafin a sa hannu. Abin da ba a rubuta ba, ranar fita kai ka fasa shi, ko da tun kana firamare ya fashe.

Ba za a yi sati ba sai ɗan garinku ya diro daga Madawa ko Konni: "Yaya, kwana biyu kawai kafin in samu wuri." Ba a korarsa, gadaje ba su isa ba, kuma kusan kowa an taɓa raɓa shi. Amma kwana biyun nan har jarrabawar ƙarshen shekara yake kaiwa. Sharaɗi a daren farko ake gindaya shi, tun da sauran kunya a tsakani: ba ya jawo wani, ba a kai makulli kasuwa a yi masa na biyu, kuma ba ya jona komai a wuta sai ya tambaya.

Wannan na ƙarshen shi ne babba. Wutar nan volt 220 ce. Ralonji, wato wayar ƙarin priz, da aka rubuta masa amfiya 10 iyakarsa wat 2200, na arha mai siririyar waya ma bai kai nan ba. Resho ɗaya yana jan wat 1000 zuwa 1500, butar dafa ruwa 1500 zuwa 2000. Haɗa su biyu a ralonji guda ka riga ka wuce. Waya ba ta kamawa nan take. Ɗumi take fara yi, roba ta yi laushi, bakin priz ya yi ruwan ƙasa, ana jin ƙauri kamar na leda. In ralonjin yana ƙarƙashin katifa ko a naɗe yake, zafin ba shi da mafita. Caja da kwamfuta ba su ne matsala ba, duk abin da ke dafawa ko guga shi ne. Ɗaya bayan ɗaya, kai tsaye a bango, kuma da mutum a tsaye. An ɗauke wuta? A zare resho nan take, don idan ta dawo ba ta sallama, galibi kuma kowa yana amfi, wato ɗakin lacca.

Ranar da bango ya yi baƙi, ba wanda zai tambayi wa ya ɗora wake. Takarda za a buɗe. Tsohon ɗalibin da ya ce "ƙane, mu shekara huɗu muna haka" za ka gan shi a baranda, hannu a aljihu, yana ba wasu shawara.

Sauran ba su da wuya. Bido na lita 25 a cika shi da dare, don da safe ruwa ba ya son hawa bene, balle a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Sange a ɗaura shi tun daren farko, kogi yana kusa, kuma daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓi ba ya duba kalandar jarrabawa. Bursu, wato kuɗin tallafin ɗalibai, in ta faɗo, a fara sayen tiketin resto (gidan abincin jami'a) na wata kafin a leƙa kasuwa. Kuɗin cizo kuwa, tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado, katifa a rana wuni guda, a maimaita bayan kwana goma saboda ƙwan da ya tsira.