Na je Legas gwanjon motocin gwamnati

Shekaranjiya na dawo, har yanzu bayana bai saki ba. Tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu a farkon 2017, ga dala ta haukace, 'yar Kwatano ta fi ƙarfin irinmu, shi ya sa da na ji wata hukuma za ta yi gwanjon tsofaffin motocinta sai na ja bakanikena muka hau doguwar bas, Mokwa, gadar Jebba, Ilori, sai Ikko.

A Agege muka sauka wajen wani dattijo Bakatsine mai sayar da goro. Allah Ya saka wa Baba da alheri, tuwo da miyar kuka har ɗaki, na miƙa ɗan abin hasafi ya ce "kai yaro, mayar da kuɗinka aljihu, gobe za ka neme su." Shi ya ce kar mu kalli fenti, mu leƙa ƙarƙashi, don iskar teku cin ƙarfe take. Gaskiyarsa, wata Hilux mai ƙyalli da bakanike ya kwanta ya ƙwanƙwasa ƙasanta sai tsatsa ke zubo masa a fuska.

Filin kuwa ciyawa ta kusa haɗiye motocin, tayoyi duk a sace, har da wata Fijo 406 da ɓeraye suka cinye wa wayoyi. Ba a yarda ka tayar da mota ba, sai dai ka buɗe bonet ka yi addu'a. Na tambayi wani jami'i ina makullan, ko ɗago kai bai yi ba, wai "aboki" in ba zan saya ba in matsa. A Kano ko dillalin da ya fi kowa rowa zai bar ka ka zaga da ita ka ji giya.

Dillalan garin bakinsu ɗaya, wannan ya taya sauran su yi shiru, amma baƙo na ɗaga hannu sai su bi shi da ƙari har ya haƙura. Masu kyan duk su suka kwashe. Ni wata Corolla da gilashinta ya tsage suka raina, aka kaɗa mini ƙararrawa.

Daga nan aka fara zare kuɗi, la'adar mai gwanjo, janwe, batir, tayoyi, har yaran bakin get sai da suka karɓi nasu wai kuɗin ƙasa. Arahar ta tafi rabi.

A tirela muka ɗora motar zuwa Kano. Tana gareji yanzu, bakanike ya ce injin lafiya lau, giya ce sai an sauke.