Yadda nake zama da iyalan da ke haɗiye baƙin cikinsu

A aikina na ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a birnin Katsina, yawancin iyalan da ake turo mini da ciwon kai suke zuwa, da zafin ƙirji da rashin barci, bayan likita ya auna bai ga wata cuta ba. Da dama daga cikinsu 'yan bindiga ne suka raba su da ƙauyukansu a Batsari da Jibiya da Safana. Idan na tambayi magidanci abin da ke ransa, amsarsa ba ta wuce "Alhamdu lillahi, sai haƙuri," matarsa kuma ta sunkuyar da kai.

Hanyar da nake bi ta samo asali ne daga Amurka, a hannun Virginia Satir da Carl Whitaker, masana ba iyali shawara, waɗanda suka tafi a kan cewa dogon bayani ba ya sauya iyali kamar abin da suka ji a jikinsu lokacin zaman. Satir takan sa wani daga cikin iyali ya tsayar da sauran a ɗaki, kowa a tazarar da ke nuna kusancinsa ko nisansa. A nan kuwa ba zai yiwu yarinya ta kama hannun mahaifinta ta kai shi lungu ba, domin rashin ladabi ne, kuma maigida ba zai sake dawowa ba. Saboda haka nake zuba duwatsun dara a kan tabarma, kowane dutse ya tsaya a madadin mutum guda.

Wani gida da aka kashe babban ɗansu a gona ya nuna mini ƙarfin wannan dabara. Ƙanwar mamacin ta ajiye dutsensa a tsakiya, ta watsa sauran a bakin tabarma, kowa nesa da ɗan'uwansa, sannan ta ce, "Inna, tun da aka yi rasuwar Yaya haka muke." Ban ce uffan ba, domin na lura cewa wanda ya yi gaggawar cike shiru yakan rufe ƙofar da ta fara buɗewa. Uwar, wadda kunyar ɗan fari ta hana ta ambaton sunansa yana raye, ta ɗauka ba ta da izinin yi masa kuka ko bayan ransa. A ranar ta yi, mijinta kuma ya matso da dutsensa kusa da nata.

Akwai dabarar wani likitan ƙwaƙwalwa, Fritz Perls, ta magana da kujerar da ba kowa a kanta kamar wanda ake son yi wa maganar ne zaune a kai, amma ba na sa mutum ya yi wa mamaci magana, saboda mutanenmu ba sa natsuwa da hakan. Nakan ce ya yi masa addu'a a bayyane, ya ambaci abin da yake kewa game da shi. Idan uba ya ji tsoron hawaye za su rage masa lada, nakan tuna masa cewa Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim.

Ba na sallamar iyali suna cikin kuka. Nakan bar ƙarshen zaman don su sha ruwa, numfashinsu ya daidaita. Inda ake dukan wani a gida ba na haɗa ma'aurata wuri ɗaya, wanda kuma ya ambaci kashe kansa nakan haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa a ranar.