William Campbell: daga tsutsar doki zuwa maganin makantar rafi

Duk makiyayin da ya taɓa yi wa saniyarsa allurar Ivomec, da duk wanda ya taɓa tsayawa jikin sandar awo aka ƙirga masa ƙwayoyin Mectizan, ya ci moriyar aikin William Campbell. An haife shi a 1930, ya tashi a garin Ramelton na ƙasar Ayilan, ya yi digirin farko a Kwalejin Trinity ta Dublin a 1952, sannan digirin digirgir a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1957, kan tsutsar hanta. A shekarar ya kama aiki da kamfanin haɗa magunguna na Merck, bai bar shi ba sai 1990.

Asalin maganin daga ƙasa yake. Satoshi Omura na Cibiyar Kitasato a Japan ne ya ɗebo ƙasa kusa da wani filin wasan golf a yankin Ito, ya raini ƙwayoyin halittar da ke cikinta, ya aika wa Merck. Can aka riƙa zuba ruwan renon a abincin ɓerayen da aka sa wa tsutsar ciki, bayan kwanaki a duba hanjinsu. A 1975 aka dace da guda, Streptomyces avermitilis, wadda ta share tsutsar tas. Aka ɗan gyara sinadarinta ya zama ivermectin, wato maganin da ke cikin Ivomec da Mectizan, ya shiga kasuwa a 1981 a matsayin maganin dabbobi.

Inda idon Campbell ya yi rana shi ne gwajin dawaki. Ya lura maganin yana kashe 'ya'yan wata tsutsa da ke zama a fatar doki, Onchocerca cervicalis, kuma ya san 'yar uwarta, Onchocerca volvulus, ita ke makantar da mutanen bakin rafi ta hanyar cizon baƙin ƙuda. Ya nemi a gwada a jikin mutum. Dakta Mohammed Aziz, likitan Merck, ya fara da mutum 32 a Dakar ta Senegal a 1981. Maganin da ake da shi a da, DEC, yakan tayar da ƙaiƙayi da kumburi har ya ƙara lalata ido. Wannan kuwa shan sau ɗaya ya rage 'ya'yan tsutsar ba tare da wannan ɓarna ba. A 1987 Merck ya yi alkawarin ba da shi kyauta muddin ana bukata. Campbell da Omura sun raba rabin kyautar Nobel ta 2015, ɗaya rabin na Tu Youyou, 'yar ƙasar Sin da ta gano maganin zazzaɓin cizon sauro.

Abin da ke rikita mutane: maganin ba ya kashe uwar tsutsar. Tana nan kwance cikin ƙulli a ƙarƙashin fata, tana iya kaiwa shekara 15. 'Ya'yanta yake shanye wa jiki su mutu, ita kuma ya tsayar mata da haihuwa na wasu watanni. Shi ya sa ake rabo kowace shekara, wani wuri sau biyu, tsawon shekara 12 zuwa 15. Wanda ya ga ƙaiƙayi ya lafa ya daina karɓa, ya bar wa ƙuda abin ɗauka ya kai wa maƙwabci.

Ƙa'idar sha maikrogiram 150 ne a kowane kilo, amma wa zai yi yawo da sikeli ƙauye-ƙauye? Sai aka koma tsayi: santimita 90 zuwa 119 ƙwaya ɗaya mai miligiram 3, 120 zuwa 140 biyu, 141 zuwa 158 uku, sama da haka huɗu. Ba a ba yaron da bai kai santimita 90 ba, ko mai juna biyu, ko mai jego a satin farko, ko wanda ciwo ya kwantar.

Babban haɗari yana dazuzzukan tsakiyar Afirka, kamar kudancin Kamaru, inda tsutsar ido Loa loa take. Wanda 'ya'yanta suka haura 30,000 a mililita ɗaya na jininsa, maganin na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya suma, har ya rasu. A irin wuraren nan gwajin jini kafin rabo ya fi aminci.

A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta katse yaɗuwar cutar, ƙasa ta farko a Afirka, bayan shekarun feshin rafuka da rabon wannan magani.