Zaman bayan tebur a taron komik, da maganar ciniki da musaya

Duk wanda ya taɓa kama tebur a taron baje kolin komik, wato littattafan labari cikin zane, ya san tambayar da tafi yawa, mutum zai zo ya tsaya ya ɗan leƙa kwalayenka kamar mai son saye, can sai ya ɗago yace wai yana da wasu tsofaffin komik a gida tun yana yaro, nawa kake ganin zasu yi? Ni dai kafin na ce komai sai na tambayi shekarar da ya saye su, in naji yace wajen 1991 ko 1992 to wallahi jikina sanyi yake, don nasan inda hirar zata ƙare kuma nasan ba zai ji daɗi ba.

Dalilin ba wani boyayye bane. A 1991 kamfanin Marvel ya fitar da X-Men lamba ta 1 wanda Jim Lee ya zana, aka sayar da sama da kwafi miliyan 8, kuma da bango kala-kala aka buga shi don mutum ɗaya ya sayi guda biyar maimakon ɗaya. Ƙarshen 1992 kamfanin DC suka kashe Superman a lamba ta 75, suka saka shi cikin baƙar leda a rufe, mutane suka yi layi har waɗanda basu taɓa karanta komik ba, kowa ya saya ya kai gida ya ɓoye bai ko buɗe ledar ba, wai nan gaba shi zai biya wa yara kuɗin jami'a. To kowa ya ɓoye fa. Abun da kowa ya adana lafiya lau a cikin leda wa zai nema a wajen wa? Kasuwar ta rushe bayan ƴan shekaru, shaguna da yawa suka rufe, Marvel ɗin kanta sai da ta je kotu neman kariya daga masu binta bashi a Disamban 1996. Har gobe waɗannan littattafan sune suke cika kwalayen araha da ake turawa ƙarƙashin tebur.

Su kuma waɗanda ake jin labarinsu a kafafen labarai, akasin haka ne ya faru dasu. Action Comics lamba ta 1, fitowar Superman ta farko a 1938, santi 10 ake sayar dashi, yara suka karanta suka naɗe suka cusa a aljihu, iyaye mata suka share ɗaki suka zubar, lokacin yaƙin duniya na biyu kuma aka riƙa tattara tsofaffin takardu a Amurka ana sake sarrafa su. Ƙiyasin da ake yi bai wuce kwafi ɗari ne suka rage ba, shiyasa a 2024 aka yi gwanjon guda ɗaya dala miliyan 6. Amazing Fantasy lamba ta 15 na 1962, inda Spider-Man ya fara fitowa, santi 12 ne a jikin bangonsa, a 2021 wani mai kyau sosai ya tashi dala miliyan 3.6. Irin wannan labarin shi yake sa mai kwalin 1992 ya taso da safe da zumuɗi. Akwai ma waɗanda suke zuwa da Action Comics ɗin a hannu suna rawar jiki, sai ka duba kaga ƙato ne yafi girman na asali, ashe wanda DC suka sake bugawa ne a 1974 aka cire masa bangon waje da ke nuna sake bugu ne.

Shi taron kansa asalinsa na masu sha'awar komik ne da ƴan kasuwar tsofaffin komik. Na San Diego a Amurka da ake ta magana ya fara a 1970 a ƙasan wani otal da mutum wajen 300, yanzu yana tara sama da 130,000 kuma kamfanonin fim sun mamaye babban ɓangare na zauren. A ra'ayina in ciniki ya kawo ka, ƙananan tarukan kwana ɗaya ko biyu sun fi, kuɗin tebur da sauƙi, kuma wanda ya shigo littafi ya kawo shi, bai zo ɗaukar hoto da ɗan fim ba.

Yanda ake jera kaya kusan iri ɗaya ne ko'ina. A bayanka akwai kanta ko allo inda kake jingina manyan kaya, waɗanda hannu baya kaiwa sai an tambaya. A kan tebur dogayen kwalaye, kowanne yana cin littafi ɗari biyu da wani abu zuwa ɗari uku, kowane littafi cikin ledarsa da farin kati a bayansa don kar ya lanƙwashe. A ƙasa kuma kwalayen araha. Sabon shiga yana ɗauka kantar baya ce ke kawo kuɗi, gaskiya ita aikinta ta tsayar da mai wucewa. Zai tsaya ya kalli wanda yafi ƙarfin aljihunsa ya girgiza kai, sannan ya durƙusa ya kwashi goma sha wani abu daga na ƙasa. Waɗannan na ƙasan su suke biyan kuɗin tebur da na mota da na masauki, babban littafi kuwa kana iya yawo dashi taro bayan taro kamar ɗan rakiya ba wanda ya taya.

Sai maganar lafiyar littafi, wadda anan ne duk rigimar take. Littafi iri ɗaya, bugu ɗaya, ɗaya zai ninka ɗaya a kuɗi sau goma ko fiye saboda wata ƴar karaya da sai ka karkata shi a haske zaka ganta. In aka miƙo min littafi, farko ina roƙon izini kafin na zaro shi daga leda, kuma ina cire salatif ɗin bakin ledar gaba ɗaya na manna a gefen tebur, don ba abun da yafi ciwo irin salatif ya kama bango ya ɗauke kala. Sai na kwantar dashi a tafin hannu, na bi gefen ɗinkin da ido ina neman ƴan fararen layukan nan da ke fitowa in an lanƙwasa shi, na duba kusurwa huɗu ko sun dakushe, na duba ƴan ƙarafan nan biyu na tsakiya ko sun yi tsatsa ko takardar ta fara yagewa a jikinsu. Takardar ciki fara ce ko ta koma ruwan ƙasa, in ta fara karyewa a baki to ta gama. Har shinshinawa nake, littafin da ya kwana a danshi baya iya ɓoye warinsa. Sannan a ƙirga shafuka ɗaya bayan ɗaya, ba kunya a wannan.

Misalin da kowa ke bayarwa shine Incredible Hulk lamba ta 181 na 1974, fitowar Wolverine ta farko cikakkiya, don a lamba ta 180 a shafin ƙarshe kawai ya leƙo. A wancan lokacin Marvel suna buga wani ɗan kan sarki a cikin littafin wanda yara ke yankewa da almakashi suna tarawa. Daga waje zaka ga littafi tsaf kamar yau aka buga, ka buɗe ciki ka tarar da rami murabba'i a shafi. Kuɗinsa ya faɗi warwas, kuma mai sayarwan wani lokacin shi kansa bai sani ba, haka ya gada.

Tun 2000 da kamfanin CGC ya fara aiki abubuwa suka canza. Ka aika musu littafi su duba su bashi maki daga 0.5 zuwa 10, su rufe shi a gidan roba mai tauri da lebul a sama. Shuɗin lebul shine lafiyayye ba'a taɓa shi ba, ruwan hoda mai duhu irin na shanshanbale kuma yana nufin an masa kwaskwarima, an cike kala ko an manna yagewa ko an datse baki, kore na wanda ke da wata matsala guda ɗaya kamar ramin kan sarkin can, rawaya kuma na wanda aka sa wa hannu a gaban wakilinsu. Shiyasa zaka ga layin sa hannu a wajen mai zane da wani mutum a tsaye a gefe yana kallo yana cike takarda. Amfanin robar shine ta rage musu, mai saye da mai sayarwa duk lamba ɗaya suke kallo. Abun da bana so da ita, mutane sun koma sayen lamba. Tsakanin 9.6 da 9.8 ni da idona sau da yawa bana ganin komai, amma kuɗin sai ya ninka, kuma littafin da ke ciki ba mai sake buɗe shi ya karanta har abada. Akwai kuma masu guga, ana saka littafi a injin mai zafi a danne shi ƴan lanƙwasar su miƙe kafin a aika a bashi maki, kamfanin baya ɗaukar wannan a matsayin kwaskwarima, wasu tsofaffin hannu kuma har yau suna ganin wayo ne. Ni dai in an goge a faɗa min, shikenan.

Farashi kuma, da can littafin Overstreet ake buɗewa, wanda ya fara fitowa a 1970 kuma duk shekara ake sabunta shi. Yanzu kowa waya yake zarowa. Matsalar ita ce mutum zai nuna maka kuɗin da wani ya rubuta a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, yana nema, yace kaga nawa ake sayarwa. A'a malam, wannan nawa yake so ne, shiga wajen waɗanda aka riga aka sayar mu gani. In kuma dila zaka sayar wa, kar ranka ya ɓaci in ya taya rabin kuɗin kasuwa ko ƙasa da haka, shi zai ɗauki kayan ya yi ta dakonsu, ya biya tebur, wata kila fim ɗin da ake jira ya fito bai yi kyau ba farashin ya zube a hannunsa. Fim yana ɗaga littafi sosai, New Mutants lamba ta 98 na 1991 inda Deadpool ya fara fitowa ya yi tashin gwauron zabi da fim ɗinsa na 2016, amma yawanci lokacin da ake ta raɗe-raɗi da fitar tallan fim shine ƙololuwa, in ka jira sai an fara nunawa sau da yawa ka makara.

Ni abun da yafi min daɗi a harkar gaba ɗaya musaya ce. Dila zai baka daraja mafi tsoka in kaya zaka ɗauka maimakon kuɗi, don shima a araha ya samo nasa, kowa sai ya tashi yana jin ya ci riba. Kuma musaya tafi ciniki buɗe baki, mutum zai ajiye jakarsa a kan kwalinka ya fara zaro abubuwa, kai ma kana zarowa, ana jerawa gefe da gefe, wannan da wannan su tashi a wancan, a'a ƙara min ɗaya, to ɗauki wancan mai yagaggen baya na cike maka. Ana haka zaka ji dalilin da yasa yake neman lamba kaza, ashe ita kaɗai ta rage masa ya kammala jerin da ya fara tarawa tun yana makarantar firamare, littafin da a wajenka ba komai bane. Irin wannan in na gane bana ja da yawa.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ba'a rubuta ba amma kowa ya santa, ƙananan littattafai ashirin basa sayen babba ɗaya ko da lissafin kuɗinsu yazo daidai. Mai babban zai ce maka albarka, don nasa guda ɗaya ne kuma kullum akwai mai nema, naka kuwa sai ya nemo mutum ashirin. In kana son hawa sama dole ka ɗora wani abu a kai, ko kuɗi ko wani mai nauyi. Wata ƙa'idar kuma, in wani ya kawo kayansa yana ciniki da dila a teburin dilan kar ka tsoma baki kace kai zaka biya fiye, shi dilan kuɗi ya biya ya kama wajen. Jira ya gama, in basu daidaita ba ka bi mai kayan ku yi magana can gefe. Na ga an yi cacar baki akan wannan har sai da masu tsaron zaure suka zo.

Ku kula da ɓarayi kuma, musamman lokacin da tebur ya cika, ɗaya yana janka da tambaya ɗaya yana zura littafi a tsakanin waɗanda ya riga ya saya a wani wajen. Littafi mai tsada ɗaya ake saukowa dashi a lokaci guda, a mayar kafin a ɗauko wani. Kuma a zo da canji da yawa da abokin zama, don in kai kaɗai ne ko banɗaki baka isa zuwa ba.

Mafi yawan kaya masu kyau ma kafin a buɗe ƙofa suke canza hannu, lokacin da ake jera tebura dilolin suna zagaya junansu, kafin jama'a su shigo an riga an tsince na tsincewa, wani littafin zai bi tebur uku a safiya ɗaya kowanne da sabon farashi. Mai saye da ke neman wani takamaiman abu ya zo ranar farko da wuri. Mai neman araha kuma ya bari sai ranar ƙarshe da yamma, lokacin da kowa ya gaji ƙafa ta kumbura kuma yana kallon kwalayen da zai sake ɗagawa zuwa mota, kwali cike da takarda ba ƙaramin nauyi bane. A lokacin in ka nuna kwali guda kace nawa zaka bar min shi gaba ɗaya, ka taya da mutunci, da wuya kaji albarka.