Godiya ga duk wanda ya tsaya mini har na kare kundina

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, ranar Asabar ɗin da ta wuce na kare kundin bincikena a Jami'ar André Salifou, nan Damagaram, kuma malaman juri sun amince da aikin. Saƙonni sun yi yawa har na kasa amsa wa kowa, shi ya sa na rubuto nan.

Na fara da Inna da Baba. Inna ba ta taɓa tambayata amfanin leƙen yis a mikroskop ba, addu'a kawai take yi, ta aiko mini da fura har labo. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Sai Kawu, mai gidan burodi a Zango, wanda ya ba ni yis ɗin da na fara gwaji da shi. Bayan an tashi ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗana, yanzu faɗa mini da Hausa, me ka gano?” Kawu, ga amsarka.

Yis ɗin da ke kumbura ƙullu halitta ce mai rai, Saccharomyces cerevisiae. In da abinci, toho take ta hayayyafa. In aka hana ta azot (sinadarin da ake gina furotin da shi) da sukari, aka bar ta da asetat kawai (gishirin asid ɗin da ke cikin binega), sai ta canza hanya: ta raba ƙwayoyin gadonta (DNA) gida huɗu, ta naɗe kowane kashi cikin sabon tantani, su zama ƙwayoyin iri huɗu masu jure wahala. Wannan tantanin da maiƙo ake gina shi, kuma ba ya ginuwa sai da wani anzim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) mai suna fosfolipaz D, wanda a yis ake kira Spo14. Aikinsa ya tsaga maiƙon fosfatidilkolin gida biyu, kolin ya fita, asid fosfatidik ya zauna cikin tantani ya jawo furotin Spo20, mai taimakawa ƙananan jakunkunan maiƙo su haɗe su gina tantanin. Masu bincike a Stony Brook ta Amurka ne suka nuna a 1995 cewa Spo14 fosfolipaz D ne.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne yadda ake sarrafa Spo14. Anzim ɗin yana nan cikin ƙwayar tun tana cikin wadata, kuma ko an cire shi tana ci gaba da toho. Sai yunwa ta zo a liƙa masa sinadarin fosfat, ya tashi ya koma daidai inda sabon tantani ke tsirowa. Can ma sai ya samu wani maiƙo, PIP2, kafin ya yi aiki sosai. In aka datse ɓangaren da ke kai shi wurin, ƙarfin tsagawarsa na nan, amma iri ba zai samu ba, kamar magini da kayan aikinsa a hannu amma bai iso wurin ginin ba.

Malam, mai kula da aikina, ban san da wane baki zan gode maka ba. Da zafin Afrilu ya tsananta, wuta na zuwa tana tafiya, yis ɗina ya ƙi yin iri, kai ka ce in sake haɗa abincin asetat ɗin daga farko, ka zauna da ni har bayan Magariba. Ranar da na hango ƙwayoyi huɗu a dunƙule cikin jaka ɗaya, kai na fara kira ka leƙa. Allah ya saka da Aljanna.

Mai kula da labo da ke ɓoye mini tataccen ruwa lokacin da famfo ya ƙafe, Yaya da ta biya kuɗin buga kundin, abokan ajinmu da suka saurari gwajin jawabina, da ƴan Birni da suka cika zauren tun da safe, na gode ƙwarai. Allah ya bar zumunci.

Ƙannena da ke shekara ta uku, duk mai son hotunan mikroskop ɗin ko yadda ake haɗa abincin asetat ya same ni a labo ranar Litinin.